Muryar Mashahurai da Kuɗin Magani: Darasi Domin Iyayen Ƙasa da Malamansu

Gabatarwa

An shirya wannan darasi domin Iyayen Ƙasa, watau Hakiman gundumomi, da malaman da ke riƙe da littattafansu, musamman na ƙasar Gwandu, tun daga Dodoru har zuwa Kalgo. Dalilin shirya shi kuwa shi ne, a zamanin nan da wuya wata ya wuce ba a ji wani mashahurin mutum a rediyo ko a waya yana kira ga jama'a game da sha'anin lafiya ba. Wani mawaƙi ne, wani ɗan wasan kwaikwayo, wani attajiri, wata kuwa matar babban mutum ce. Talakawa su kan ji kiran, su zaci magani ya zama kyauta, su tafi asibiti, a ce su biya. Sa'an nan su komo wurin Uban Ƙasa da kuka, alhali kuwa ba shi ya yi alkawarin ba.

Abu ɗaya darasin ke so ya tabbatar. Muryar mashahuri tana tara jama'a, tana kuma iya motsa masu mulki, amma ba ita ke biyan kuɗin magani ba. Mai biya shi ne wanda doka ta ɗora wa nauyin, aka kuma rubuta kuɗinsa cikin kasafin shekara. Uban Ƙasar da ya gane wannan bambanci zai amfana da kiran, ya kuma tsare jama'arsa daga ruɗu.

1. Asalin wannan al'ada

Aron bakin mai farin jini don isar da saƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun dā sarakuna suna da masu shela, kuma abin da makaɗi ya sa cikin waƙa ya kan kai inda takarda ba ta kaiwa. Turawa ma haka su ke yi. A 1954 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ya naɗa wani ɗan wasan Amurka mai suna Danny Kaye jakadansa, ya yi ta yawo ƙasashe yana neman taimako domin yara. A watan Oktoba na 1956 aka yi wa mawaƙin nan Elvis Presley allurar rigakafin shan-inna a birnin New York gaban masu ɗaukar hoto, don samari su gani su yi koyi.

Abin da ya sake a wannan zamani shi ne, mashahurai ba su tsaya ga cewa a zo a karɓi rigakafi ba. Sun shiga gardamar kuɗi, suna faɗin abin da ya kamata Gwamnati ta kashe, da wanda ya kamata a ɗauke wa biya. Saboda haka kafin a auna maganarsu, tilas a san yadda kuɗin magani ke tafiya.

2. Wa ke biyan kuɗin magani

A zamanin En'e ɗakunan magani na ƙauyuka suna ƙarƙashin Hukumar Gargajiya ne. Daga baitulmali a ke biyan malamin asibiti da duba-gari, baitulmali kuwa harajin da Iyayen Ƙasa ke tarawa shi ke cika shi. Sarakuna da Hakimai sun taimaka ƙwarai wajen fito da jama'a a yi musu lamba, har aka ga bayan agana a Nijeriya a 1970. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya fid da ikon kuɗi daga hannun sarauta, ya mai da shi ga Ƙaramar Hukuma da Jiha da Tarayya. Tun daga sa'an nan Uban Ƙasa ba ya riƙe da asusun lafiya, amma har wa yau shi ne wanda talaka ya fi kusa da shi, shi a ke fara kai wa ƙara.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna, shekaru da dama a jere, cewa cikin kowace naira 100 da a ke kashewa kan lafiya a Nijeriya, fiye da naira 70 daga aljihun marasa lafiya da danginsu su ke fitowa. A watan Afrilu na 2001 shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin keɓe aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin shekara domin lafiya. Amma a yawancin shekarun da suka biyo baya rabon lafiya a kasafin Tarayya bai wuce kashi 4 zuwa 6 ba.

A ɗauki misalin magidanci a mazaɓar Dodoru, cikin Ƙaramar Hukumar Gwandu, wanda naƙuda ta yi wa matarsa tsanani. Zai fara kai ta ƙaramin asibiti na kusa. In abin ya gagara, a ce a wuce da ita gaba, ko Birnin Kebbi, ko babban asibitin Jiha da ke Kalgo. Akwai kuɗin mota, akwai na kati, da na gwaji, da na jini in an bukata, da na magani, da abincin masu jinya. Akwai kuma aikin gona da ya tsaya, wanda ba a rubuta shi a rasit. Da yawa sai sun sayar da akuya ko buhun gero, waɗansu har su jinginar da gona. Wannan shi ne ainihin abin da a ke gardama a kai, ko da ya ke masu gardamar a Abuja su ke.

3. Misali na farko: yaƙi da shan-inna

A tsakiyar 2003 aka baza jita-jita a Arewa cewa ɗigon rigakafin shan-inna yana ɗauke da abin hana haihuwa. Waɗanda suka ta da maganar ba ƙananan mutane ba ne, mutane ne masu kwarjini da a ke jin maganarsu. Jama'a kuwa ba su manta da abin da ya auku a Kano a 1996 ba, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan lokacin annobar sanƙarau, yara 11 cikin 200 da aka sa a gwajin suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009. Jihar Kano ta dakatar da rigakafi wajen shekara guda. Ba a koma ba sai a ƙarshen Yuli na 2004, bayan an gwada maganin, an kuma kawo wani daga ƙasar Indunusiya. Kafin nan ciwon ya bazu, ya koma ƙasashe wajen 20 da dā suka rabu da shi.

Darasi na farko ke nan. Suna da kwarjini ba shaidar gaskiya ba ne. Yadda babbar murya ke jawo jama'a ga alheri, haka ta ke iya korar su daga gare shi.

Gyaran ma da manyan muryoyi aka fara shi. A watan Fabrairu na 2009 attajirin Amurka Bill Gates ya zo Nijeriya, ya gana da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar a Sakkwato, gwamnoni kuma suka sa hannu kan alkawari a Abuja. A wannan shekara aka kafa kwamitin Sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, Shehun Bama ya fara shugabantarsa, daga baya shugabancin ya zo hannun Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera. Ƙungiyar Rotary kuma ta ɗauki jakadu da jama'a ke ƙauna, cikinsu akwai marigayi Ɗan Maraya Jos, da ɗan ƙwallo Nwankwo Kanu, da ɗan wasan Hausa Sani Danja. Yaran da shan-inna ya kama a Nijeriya sun kusa 800 a 2008, a 2010 kuwa 21 kaɗai aka samu. An ga na ƙarshe na ainihin ƙwayar ciwon a Borno a 2016, a ranar 25 ga Agusta 2020 aka shaida cewa Afirka ta rabu da ita.

To, amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, mawaƙi ya yi kira a rediyo, amma wanda ya san gidan da aka ɓoye yara shi ne mai unguwa, wanda ya lallashi uban yaran kuwa dagaci ne ko Uban Ƙasa, masu ɗiga maganin kuma mata ne da ba wanda ya san sunansu, har tara daga cikin irinsu aka kashe a Kano a watan Fabrairu na 2013. Na biyu, iyaye sun yi ta wata tambaya mai nauyi: don me a ke bin su gida gida da ɗigo kyauta, amma in yaro ya kwanta da zazzaɓi sai an biya? Ba waƙar da ta amsa wannan tambaya. Sai da aka riƙa kafa wuraren duba marasa lafiya a lokacin zagayen rigakafi, ana ba da maganin zazzaɓi da na gudawa kyauta, sa'an nan ƙofofi da yawa suka buɗe.

Kuma aikin bai ƙare ba. Bayan 2020 an ci gaba da samun wani nau'in ciwon a jihohin Arewa maso Yamma, har da Kebbi, irin wanda ke ɓulla inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba. Uban Ƙasa kada ya ce an gama.

4. Misali na biyu: doka da kashi ɗaya cikin ɗari

A 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Dokar ta kafa asusu domin kiwon lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ke shiga babban asusun Tarayya. Ta kuma faɗi yadda za a raba: kashi 50 domin biya wa jama'a ayyukan asibiti na tilas ta hanyar hukumar inshorar lafiya, kashi 20 domin magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 domin gine-gine da kayan aiki da sufuri, kashi 10 domin ma'aikata, kashi 5 domin taimakon gaggawa. Har wa yau dokar ta hana asibiti ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa bisa kowane dalili.

Doka ta tabbata, amma kuɗi bai fito ba. Kasafin 2015 ya wuce, na 2016 ya wuce, na 2017 ma haka, ba a sa kuɗin ba. Likitoci da ƙungiyoyin farar hula suka yi ta kira. Wata ƙungiya mai suna ONE, wadda mawaƙin ƙasar Ailan Bono ke cikin masu kafa ta, ta buɗe yaƙin jan hankali a 2016, taurarin Nijeriya kamar mawaƙiya Waje suka shiga. A watan Maris na 2018 Bill Gates ya yi jawabi gaban majalisar tattalin arziki ta ƙasa a Abuja, ya ce tsarin Gwamnati ya fi mai da hankali ga gine-gine bisa ga lafiyar mutane da iliminsu. Maganar ta ta da ƙura. Waɗansu suka ce gaskiya ya faɗa, waɗansu suka ce hanya da lantarki ma lafiya su ke kawowa, waɗansu kuwa suka ce ba hurumin baƙo ba ne. A wannan shekara Majalisar Tarayya ta sa fiye da naira biliyan 55 cikin kasafi domin asusun, karo na farko.

Darasi na biyu ke nan. Kiran mashahurai ya yi amfani domin akwai doka a rubuce da a ke kira a cika, akwai kuma adadi sananne da a ke nema. Da a ce kira ne kawai na a kyautata lafiya, da an yi tafi an watse.

Irin wannan ya auku a Amurka. A watan Mayu na 2017 wani mai shirin raha a talabijin, Jimmy Kimmel, ya ba da labarin yadda aka yi wa jaririnsa aikin zuciya, ya ce bai kamata ran yaro ya rataya ga dukiyar ubansa ba. A lokacin ana ƙoƙarin soke dokar inshorar lafiya ta 2010. Miliyoyin mutane sun ji shi, amma abin da ya yanke magana shi ne ƙuri'ar Majalisar Dattawa a watan Yuli, inda 51 suka ƙi sokewar, 49 suka yarda.

Akwai kuma wani tsari da ya cancanci a yi nazarinsa. Gidauniyar Alhaji Aliko Dangote da ta Bill Gates sun ƙulla yarjejeniya da jihohin Kano, Bauchi, Borno, Kaduna, Sakkwato da Yobe kan alluran rigakafi na yau da kullum. Sharaɗin shi ne, kowace shekara rabon gidauniyoyin ya ragu, rabon Jiha ya ƙaru, har nauyin ya koma kan Jiha ɗungum. Masu ba da taimakon da kansu sun san zanen aro ba ya rufe katara. An kuwa ga gaskiyar haka a farkon 2025, sa'ad da Gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da ta ke bai wa ƙasashen waje, tilas Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don toshe giɓin.

5. Misali na uku: abin da ya shafi Jihar Kebbi

Jihar Kebbi ma tana da nata misali. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara, uwargidan wanda ya yi gwamnan Jihar daga 2015 zuwa 2023, ta yi suna wajen yaƙi da ciwon daji ta hanyar gidauniyarta. A 2024 aka zaɓe ta mai jiran gadon shugabancin babbar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya. Kiranta da na irinta ya sa mata da yawa sun san cewa kullutu a mama ko zubar jini ba bisa ƙa'ida ba abin kai wa likita ne tun da wuri. A watan Oktoba na 2023 Gwamnatin Tarayya ta fara ba 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar da ke haddasa ciwon dajin bakin mahaifa, kyauta.

Amma a nan ma akwai abin lura. Gwaji a kan yi shi kyauta a ranar gangami. Jinyar wadda aka samu da ciwon kuwa wata aba ce dabam, mai tsawo, mai tsada, wadda sau da yawa sai an tafi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko ma gaba da nan. Matar da aka gaya wa tana da ciwo, ba a gaya mata inda za ta je da wanda zai biya ba, an ƙara mata nauyi ne. Saboda haka tambayar inda za a kai maras lafiya ba ta kasa tambayar ranar gangami muhimmanci ba.

Zazzaɓin cizon sauro kuwa shi ne babban abokin gaba a wannan Jiha. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da ƙwayarsa, ba jihar da ta kai haka. Shi ya sa a watan Disamba na 2024, da aka fara ba da allurar rigakafin zazzaɓin a Nijeriya, da Kebbi da Bayelsa aka fara. Allura huɗu ce: a wata 5, da wata 6, da wata 7, sa'an nan ta ƙarshe a wata 15. Kyauta ce, amma ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro. Bikin buɗewa kwana ɗaya ne. Komo da yaro sau huɗu cikin wata goma kuwa aiki ne da ba mai iya bin sawunsa sai wanda ke da sunan yaron a littafi.

6. Ra'ayoyin da a ke gardama a kansu

Ya kamata Uban Ƙasa ya san hanyoyi uku da masana ke jayayya a kansu, don ya gane ɓangaren da mai kira ya tsaya.

Hanya ta ɗaya, magani kyauta daga baitulmalin Gwamnati. Masu goyon bayanta sun ce kuɗi, komai ƙanƙantarsa, ya kan hana matalauci zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsa. Masu suka sun ce kyautar da ba a tanadi kuɗinta ba ƙarshenta a rubuta wa mutum takarda a ce ya je kemis ya saya. A Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyar Jihar Kebbi, an ɗauke biyan kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2006. Yaran da a ke kaiwa asibiti suka ƙaru ƙwarai, amma biyan asibitocin ya riƙa jinkiri, bashi ya taru, magani ya riƙa yankewa.

Hanya ta biyu, maras lafiya ya biya kaɗan, a riƙa juya kuɗin ana sayo wani magani. Wannan shi ne shirin da ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi a Bamako a 1987. Amfaninsa magani ba ya yankewa muddin an riƙe amana. Aibinsa kuwa wanda ba shi da ko sisi an bar shi a baya.

Hanya ta uku, taimakekeniya, watau inshora. Kowa ya zuba kaɗan tun yana da lafiya, wanda ya kwanta a yi masa jinya daga abin da aka tara. An ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa a 2005, amma galibi ma'aikatan Gwamnati ya amfana. Dokar 2022 ta mai da inshora tilas ga kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. Jihar Kebbi tana da tata hukuma ta taimakekeniyar lafiya, wadda a ke kira KECHEMA. Wuyar wannan hanya ita ce manomi ba shi da albashin da za a yanka a ƙarshen wata, kuma ba ya zuba kuɗi inda bai amince ba.

Gwamnati kan haɗa hanyoyin nan ne. Alal misali, a watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ba da sanarwar yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka amince da su. Sanarwa irin wannan tana da sharuɗɗa, aikin malamin Uban Ƙasa ne ya nemo su a rubuce.

Game da su mashahuran kuwa, masu yabo sun ce suna sa a saurari abin da likita ya yi shekaru yana faɗi ba a ji ba. Masu suka sun ce hankalinsu ya fi karkata ga ciwon da ya yi suna, a bar gudawa da tamowa da ke kashe yara ba a ji ba a gani. Sun kuma ce tara wa maras lafiya guda gudummawa, ko da ya ke sadaka ce mai lada, ba ta gyara wa dubun da ba a nuna hotonsu ba. Dukan ɓangarorin suna da gaskiyarsu.

7. Aikin Uban Ƙasa da malaminsa

Duk sa'ad da aka kawo wani gangamin lafiya a gunduma, ko wane ne a gabansa, ya kamata Uban Ƙasa ya karɓi baƙi da mutunci, sa'an nan malaminsa ya rubuta amsar tambayoyi biyar kafin a yi shela:

(a) Wace hukuma ce ta aiko su, kuma sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma da Majalisar Sarki sun sani?

(b) Wa ke biyan kuɗin, Gwamnati ce ko mai taimako?

(c) Mene ne kyauta, mene ne kuma ba kyauta ba?

(d) Har yaushe za a ci gaba da bayarwa?

(e) Wanda aka samu da ciwo, ina za a kai shi, wa zai biya jinyarsa?

In an sami amsa, mai shela ya faɗi iyakar abin da aka tabbatar, kada ya ƙara gishiri. Gara a ce allura kyauta ce amma gwajin jini da biya, da a ce kome kyauta ne jama'a su je su ga saɓanin haka. Amanar da ta zube sau ɗaya ta kan ɗauki shekaru ba ta komo ba, abin da ya auku a 2003 ya isa shaida.

Bayan wannan, malami ya riƙe littafin haihuwa da na mutuwa sosai, ya riƙa karɓar rahoto daga dagatai da masu unguwanni, ya gwada shi da littafin malamin asibiti wata wata, don a san yaran da ba a komo da su allura ba. Ya san asibitin da aka zaɓa a mazaɓarsa don cin gajiyar asusun dokar 2014, tun da ya ke manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami aƙalla guda. Uban Ƙasa ya tabbata kwamitin raya mazaɓa yana zama, yana kuma bin yadda a ke kashe abin da ya shigo. In ana rubuta sunayen marasa galihu don inshora, ya sa ido kada a cika takarda da 'yan uwa da barori, a bar gwauraye da marayu da naƙasassu.

In ya ga magani ya yanke, ko ana karɓar kuɗi kan abin da aka ce kyauta ne, kada ya yanke hukunci da kansa. Ya rubuta wa Shugaban Ƙaramar Hukuma, ya aika da kwafi ga Majalisar Sarki, ya sa rana da adadi da sunan wuri. Takarda mai adadi ta fi ƙorafin baki nauyi a kowane ofis. Kada kuma ya yarda a tara kuɗi a hannun talakawa da sunan wani mashahuri ba tare da izni a rubuce ba. Masu tallar magani a kasuwa da ke jingina hajarsu ga sunan wani babban mutum, a duba ko kayansu na da lambar hukumar NAFDAC.

Mashahuri baƙo ne, ya kan zo da safe ya koma da yamma. Uban Ƙasa kuwa yana nan rani da damina, shi za a tambaya in yaro ya mutu kan abin da an ce akwai maganinsa. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya ba jama'a lafiya, amin.

Tambayoyi domin bita

1. Cikin kowace naira 100 da a ke kashewa kan lafiya a Nijeriya, nawa ke fitowa daga aljihun jama'a?

2. Me ya sa kiran da aka yi kan asusun kashi 1 cikin 100 ya yi amfani a 2018?

3. A kawo amfani ɗaya da aibi ɗaya na kowace hanya cikin hanyoyi uku na biyan kuɗin magani.

4. A wane wata da wane wata a ke yi wa yaro allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kuma yaya malami zai gane wanda ba a komo da shi ba?

5. A rubuta tambayoyi biyar da za a yi wa masu gangamin lafiya kafin a yi shela, sa'an nan a gwada su kan gangamin da aka yi na ƙarshe a gunduma.